Fitilar haɗin gida da kuɗin wuta a Katsina: ina ragin yake, ina babu shi?

Tun ranar 3 ga Afrilun 2024, da Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta awa 20 a rana, zuwa naira 225 a kowace yunit, zancen fitila ya shiga majalisun hira a Katsina da Daura. Magana ɗaya ce ake ta juyawa: wai duk wanda ya haɗa fitilunsa da kansa, da ɗan batir da farantin sola, zai raba kuɗin wutarsa biyu. Wasu sun gwada sun ce gaskiya ne. Wasu sun kashe kuɗi, wata ya ƙare, takardar kuɗin wuta ta zo kamar yadda ta saba. Dukansu ba ƙarya suke yi ba. Abin da ya raba su shi ne irin ƙwan da suke kunnawa a da, da rukunin da layinsu yake, da kuma ko suna da mita.

Wat, yunit da lumen

Abubuwa uku ake cuɗawa a wannan muhawara. Wat shi ne yawan wutar da na'ura ke ja a lokacin da take kunne. Yunit, wanda shi ake biya, wat 1,000 ne na tsawon awa guda. Kamar famfo ne da jarka: wat shi ne ƙarfin zubar ruwan, yunit kuwa jarkar da ta cika, kuma kuɗin jarka ake karɓa. Ƙwai mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci yunit ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 a awa guda yake cinye ta.

Na uku shi ne lumen, ma'aunin haske. An saba sayen ƙwai da wat, a ce "ba ni mai sittin" ko "mai ɗari", domin a zamanin jan ƙwai mai zare a ciki wat da haske tare suke tafiya. Yanzu sun rabu. Jan ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, kuma mafi yawan wutar da yake ja zafi take zama, shi ya sa ba ya taɓuwa in ya jima a kunne. Farin ƙwai mai murɗe, wanda aka yi yayi bayansa, yana ba da wannan hasken da wat 13 zuwa 15. Ƙwan LED mai kyau yana bayarwa da wat 8 zuwa 10. Samun farin haske daga LED ya yiwu ne bayan an ƙirƙiro shuɗin LED, aikin da ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014.

Rukuni kuwa, wanda jama'a ke kira Band, tsari ne da aka shigo da shi a 2020, ana kasa layukan wuta bisa awowin da aka yi alƙawarin bayarwa a rana: A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Layi ake sa wa rukuni, ba gida ba. Saboda haka mai ɗaki ɗaya da mai bene, in dai layi guda ke kawo musu wuta, farashinsu ɗaya.

Yadda aka zo nan

Haɗa fitila a gida ba sabon abu ba ne a ƙasar Katsina. Masu shekaru sun san aci-bal-bal da fitilar ƙwai. Waɗanda suka taso bayan shekarar 2000 sun san fitilar da samari ke haɗawa da tsohon faifan CD da ƙananan ƙwayayen LED da ɗan akwatin katako mai cin batir uku, wadda ta cika teburan masu shayi da masu tsire. Rashin wuta ne ya haifar da ita, ba tsadar wuta ba.

Tsadar daga baya ta zo. An wargaza NEPA aka yi PHCN a 2005, sannan a Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, Katsina da Kano da Jigawa suka faɗa hannun kamfanin KEDCO. A 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, kuma tunda ƙwai da batir da farantin sola duk daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin, su bi ta Legas da Kano kafin su iso shagunan Katsina, farashinsu ya bi dala. Sai ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024, wanda aka sauke zuwa naira 206.80 a watan Mayu, aka mayar 209.50 a Yuli. Sauran rukunan an bar su a kan tsohon farashi, ƙasa da naira 70. A Oktoban wannan shekarar kuma Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Wannan duhun ya fi kowace talla tura mutane neman sola.

Wato abu biyu ne suka haɗu a lokaci guda: wutar ta yi tsada ga wasu, ga wasu kuma babu ita, kuma janaretan da ake fakewa da shi ya fi ƙarfin aljihu. Maganin ɗaya ba lallai ya zama maganin ɗayan ba.

Lissafin gida mai ƙwai goma

A ɗauki gida a Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa mai ƙwai goma, daga zaure zuwa tsakar gida da ɗakuna da madafa da banɗaki, ana kunna su awa shida kowane dare. In jan ƙwai ne mai wat 60, gidan yana cin yunit 3.6 a dare, 108 a wata. A farashin 209.50 na Yulin 2024, kuɗin ya kai kusan naira 22,600, ban da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da ake ɗorawa. In aka cire su aka sa LED mai wat 9, cin ya koma yunit 16 da ɗan ɗori a wata, kusan naira 3,400. An rage fiye da 19,000, kuma ba a sayi batir ba, ba a ja waya ko taku ɗaya ba.

A nan mafi yawan ragin yake. Wanda ya ce ya haɗa sola kuɗin wutarsa ya faɗi, sau da yawa abin da ya faru shi ne ya bar jan ƙwai a lokaci guda, sai ya ba sola ladan da LED ya yi aiki.

To, bayan an koma LED, me ya rage da haɗin gida zai rage? Yunit 16 ɗin nan kaɗai. Ga ɗan rukunin A, naira 3,400 ne a wata. Ga wanda ke biyan, a ce, naira 60, bai kai 1,000 ba, kuma shi ma sai in ana ba shi wutar da daddare, abin da mai awa takwas ko huɗu ba ya da tabbas a kai. Ɗaukar waɗannan ƙwayaye goma a kan sola yana buƙatar farantin da bai gaza wat 150 ba, da batir mai bolt 12 da ya kai kusan 100Ah, wato ma'aunin wutar da yake iya adanawa, in mai ruwa ne, domin irinsa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. A ƙaddara kayan sun tashi naira 100,000, misali kawai, domin farashi na motsi. Ɗan rukunin A zai mayar da kuɗinsa a cikin wata 30. Ɗayan sai ya yi fiye da shekara takwas, kuma batirin ba zai kai can ba.

Akwai abin da ya fi wannan ruɗarwa. Wanda ke cajin batirinsa da wutar kamfani bai rage yunit ba, ƙarawa ya yi, domin duk caji da saukewa akwai asara, wani kaso na wutar yana tafiya a zafi. Inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gidan wuta, ita ma tana ci ko ba a ɗora mata komai ba. Wadda ke jan wat 20 a zaune, in aka bar ta kunne dare da rana, tana cin yunit 14 a wata, kusan daidai da abin da ƙwayayen gidan goma suke ci. Wannan ne ya sa masu haɗa ƙananan fitilu suke tsallake inbata gaba ɗaya, su yi amfani da ƙwai mai bolt 12 kai tsaye daga batir. A wannan gaɓar hujja tana tare da su.

Lissafin yana juyewa ne in aka kwatanta da janareta. Ƙaramin injin da ake tayarwa bayan magariba yana shan kusan rabin lita a awa. Awa huɗu lita biyu ke nan, kuma in lita naira 1,000 ce ya zama naira 60,000 a wata, ban da baƙin mai da gyara. Gidan da haske da cajin waya ne kawai ke sa shi tayar da inji, ƙwai huɗu masu wat 5 da faranti mai wat 50 da ƙaramin batir sun ishe shi, kuma cikin 'yan watanni kuɗin ya dawo. Sai dai a watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ba haske ke sa a tayar da inji ba, fanka ce, kuma haɗin fitila ba ya ɗaukar fankar sama.

Wanda ba shi da mita

Duk lissafin da ya gabata na mai mita ne. Gidan da ake kawo wa takarda bisa ƙiyasi, ko ya kashe ƙwayayensa duka ya koma tocila, kuɗin ba zai sauka saboda haka ba. Tun Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka a kan yawan yunit da kamfani zai iya ƙiyasta wa marar mita, kuma ana fitar da iyakar ne daga cin masu mita da ke yankin, ba daga abin da gidan ya kunna ba. Ga irin wannan gida, matakin farko na rage kuɗi shi ne samun mita, ta tsarin MAP da aka kafa a 2018 inda mai gida ke biya a mayar masa a hankali, ko ta shirin rabon mita na gwamnatin tarayya da aka fara a 2020.

Gidajen haya suna da tasu matsalar. Inda mita ɗaya ce, an saba raba kuɗi ta ƙirga ƙwai da soket na kowane ɗaki. Wannan rabon ya yi ma'ana lokacin da kowa jan ƙwai yake kunnawa. Yau mai ƙwai uku na LED bai ci rabin abin da fankar maƙwabcinsa ke ci ba, balle hita.

Abin da ke cin yunit da gaske

Fankar sama mai wat 70 da ta kwana tana juyawa awa goma ta ci yunit 0.7, fiye da ƙwayaye goma na LED a dare guda. Hitar da ake jefawa a bokiti lokacin hunturu tana jan wat 1,000 zuwa 1,500. Firiji a zafin bazara yakan ci yunit ɗaya zuwa biyu a rana, musamman tsohon da robar ƙofarsa ta saki. Injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya wat 750 ne ko fiye. Gidan da ya riga ya koma LED, haske ƙaramin kaso ne na abin da yake biya, kuma duk dabarar da za a yi a kan fitila ba za ta wuce wannan kason ba.

Mai mitar kati yana iya gane wannan da kansa. A jikin mita akwai ɗan jan haske mai ƙiftawa, an rubuta adadi kusa da shi. In an rubuta 1000, ƙiftawa 1,000 ne yunit ɗaya. A kashe komai a bar ƙwai mai wat 10, zai ƙifta sau ɗaya a minti shida. A kunna dutsen guga, sai ya koma ƙiftawa duk bayan daƙiƙa uku zuwa huɗu. Wannan gwajin yana kuma tona asirin ƙwan da aka rubuta wa wat 30 alhali 10 yake ja, wanda cinsa kaɗan ne amma haskensa ma haka.

Me kowane ɓangare ke cewa

Masu haɗin gida, waɗanda yawancinsu masu gyaran waya ne da rediyo da ɗaliban fasaha irin na Kwalejin Hassan Usman Katsina da ta tarayya da ke Daura, hujjarsu ita ce gyaruwa. Fitilar caji ta shago in batirinta ya mutu sai bola, tasu kuwa a buɗe a canza. Suna zaɓar batir da girman da ake so, su kuma gyara mataccen ƙwai. Ƙwayoyin da ke cikin LED a jere suke, in ɗaya ta ƙone, wadda ake ganewa da ɗigon baƙi, duka sai su mutu, su kuma sai su tsallake ta da dalma. Gyaran yana aiki, amma na ɗan lokaci ne, tunda zafin da ya kashe ta farko yana nan.

Masu aikin wayarin ba su musanta wannan ba, damuwarsu gobara ce. Mutane suna ɗauka bolt 12 ba ya da haɗari tunda ba ya jan mutum. Amma kaya masu wat 60 a kan bolt 12 suna jan amfiya 5, wato ma'aunin wutar da ke ratsa waya, alhali a kan bolt 230 na gidan wuta kusan kwatan amfiya ɗaya kawai suke ja. Siririyar wayar lasifika da ake yawan amfani da ita sai ta yi zafi, hasken kuma ya dusashe in wayar ta yi tsawo. Batir kuwa in wayoyinsa biyu suka haɗu babu fis a kusa da shi, nan take roba ke kamawa. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, bai dace da rufaffen ɗakin kwana ba.

Baturan lithiyam da ake ciro wa daga tsofaffin kwamfutoci, masu lamba 18650, sun fi neman kula. Kowanne bolt 3.7 ne, yana cika a 4.2, kuma wuce hakan yana iya sa shi kumbura ko ya kama da wuta, don haka dole a sa masa allon kariya da ke yanke caji. Ba a so a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45, kuma ƙarƙashin rufin kwano da azahar a Daura yana iya kai wa haka. Sabo mai kyau wutar da yake adanawa takan tsaya ne a kusan 3,500mAh. Wanda aka rubuta wa 9,900 a kasuwa, araha ce da ba ta ado. Haɗari mafi girma shi ne haɗa inbata da wayarin gida ba tare da makunnin sauya layi ba, domin wutar tana iya komawa kan turke ta sami ma'aikacin da ya hau yana zaton layin a kashe yake. Ƙwan LED na gidan wuta ma, in an buɗe shi yana jone, allon cikinsa yana ɗauke da wutar da ke kisa.

'Yan kasuwa suna cewa kayan da aka haɗa a masana'anta, faranti da batir da ƙwai uku ko huɗu a kwali guda, sun zo da kariyarsu, wasu har da garanti. Gaskiya ne ga masu inganci. Amma kasuwar cike take da jabu, kuma tabbatar da inganci aikin hukumar SON ne, kamar yadda duba ingancin wayarin yake hannun hukumar NEMSA.

A kan farashin kansa, gwamnati da NERC sun ce tallafin wuta ya fi ƙarfin baitulmali, kuma ƙarin ya shafi kusan kashi 15 cikin 100 na masu amfani da wuta ne kawai. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC sun ƙi yarda, har suka yi zanga-zanga a ofisoshin hukumar da na kamfanonin rarrabawa a Mayun 2024. Ƙorafin da ya fi yawa daga jama'a shi ne ana karɓar kuɗin awa 20 ba a ba da awa 20, ko da yake ƙa'ida ta ce layin da ya kasa cika alƙawari a sauke shi daga rukunin. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta kuma ba jihohi damar kafa hukumominsu su tsara kasuwar wutarsu, don haka nan gaba ana iya yanke farashin a matakin jiha. Ita dai dokar ta tanadi tara ko ɗauri ga mai zagaye mita, kuma wannan ba ya cikin haɗin gida ko da wane suna aka kira shi.

Abin da zai biyo baya ga talaka

Ga mai mita a rukunin A, sauya duk wani jan ƙwai da ya rage shi ne abin da ya fi saurin biya. Ƙwai ɗaya mai wat 60 da aka maye da mai wat 9 yana rage kusan naira 1,900 a wata. Bayan wannan, hankalinsa ya koma kan fanka da firiji da hita. Ga mai shayi da tela da mai kanti a layin da ke samun awa takwas ko ƙasa, fitilar batir da sola tana sayen awowin ciniki ne bayan isha'i da karatun yara, kuma abin da take ragewa kuɗin fetur ne da baturan tocila, ba takardar KEDCO ba.

Yanayin wurin yana taimakawa ta wani gefe, yana cutarwa ta wani. Katsina tana kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, rana tana da ƙarfi mafi yawan shekara, faranti yana son ya fuskanci kudu da ɗan karkata. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana rage abin da yake samarwa in ba a gogewa. Zafi kuma yana gajarta ran batir da na ƙwai, shi ya sa LED da aka rubuta wa awa 15,000 ko fiye yake mutuwa da wuri in aka rufe shi cikin gilashin ado marar iska, ko kuma layin yana yawan hawa da sauka.

Akwai kuma sharar da za ta taru. Farin ƙwai mai murɗe yana da sinadarin makuri a cikinsa, bai kamata a fasa shi a tsakar gida ba. Matattun batura masu ruwa suna komawa hannun 'yan gwangwan saboda dalmar da ke ciki, kuma fasa su a cikin unguwa yana barin guba a ƙasar da yara ke wasa. Na lithiyam kuwa, in aka jefa shi a juji aka cinna wuta, fashewa yake yi. Tunda batir mai ruwa da ake zuƙewa kullum a wannan zafin ba ya wuce 'yan shekaru, duk gidan da ya shiga haɗin sola zai sake sayen wani, kuma kuɗinsa yana cikin lissafin tun ranar farko.